Hannun da Ya Daina Ciwo

Cayambe, Ecuador
Watan Oktoba

Ñaña Etelvina, ƙanwata,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da mijinki Wilmer da yara, ya kuma ci gaba da rufa muku asiri a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Mamita, tsohuwarmu, tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwa da ke damunta idan sanyi ya sauko daga dutse, kuma har yau ba ta yarda kowa ya ba ɓerayen masar ɗinta ciyawa sai ita. Maigidana Aníbal yana nan yana jan motar madara. Doña Presentación ce za ta kawo miki wannan takarda, tare da biskit ɗinmu na gida da garin sha'ir. Idan biskit ɗin ya iso a farfashe, ki san ita ta zauna a kai.

Na san za ki yi mamakin ganin rubutuna, wanda malamarmu ta ce kamar kaji sun yi tono, maimakon na Yaya Dioselina da ta saba rubuto miki. Zan zo kan wannan. Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana, da na fara sai ki ce tukunya na ƙonewa. Kin ce yatsunki suna sagewa, likita a Murcia, can ƙasar Sifen, ya yi gwajin jijiya ya ce sai an yi aiki, kika tambaye ni wanne ya fi, na yanka tafin hannu ko na kyamara. Sannan kika ƙara maganganu biyu da suka tsaya mini a rai: wai ciwon ya yi sauƙi kwanan nan, wai kuma za ki bari sai bayan kakar lemun tsamin da kuke tsinka a can.

Bari in fara da tambayarki, tunda duk biyun an yi mini. Likitar da ta duba ni a Quito ta ce a tsintsiyar hannu akwai wata 'yar hanya da jijiya ke bi, da wani ɗauri mai tauri da ya gitta a kanta. Idan wurin ya matse, jijiyar ce ke shan wahala. Aikin duk ɗaya ne, a tsinke ɗaurin nan jijiya ta sarara. Bambancin kawai ta inda ake shiga. A hannun dama, hannun almakashina, yanka aka yi a gindin tafin hannu, bai kai tsawon ƙaramin yatsa ba. Allura suka yi mini a wurin, idona biyu, har ina jin su suna musu a kan ƙwallo. Tun ranar farko sagewar da ke tashe ni daga barci ta tafi. Amma tabon ya ba ni aiki. Bayan kamar mako biyu aka cire zare, sai dai na daɗe ba na iya dafa tebur in tashi, kuma matse wanki sai da na yi wata da watanni ina barin wa Aníbal. Ya ce shi bai ga laifin wannan likita ba sai ɗaya, da ta mayar da shi mai wankin gida ba tare da ta tambaye shi ba.

Hannun hagu kuwa da kyamara aka yi, bayan shekara guda. Ɗan tsagi ne a layin tsintsiyar hannu, suka zura wani siririn ƙarfe, suna kallon ciki a allo. Yau in ban nuna miki wurin ba, ba za ki gane ba. Wannan hannun ya riga na daman komawa riƙe cokali da tsefe, kuma tafin hannun bai yi tsami irin na farko ba. Amma kada ƙanƙantar ciwon ta ruɗe ki, a ciki yankan ɗaya ne. Ni da na ga waje ya rufe, na ɗauki bokitin ruwa, sai da na zauna a ƙasa don zafi. Kuma yatsana na tsakiya ya yi wasu makonni yana zugi kamar ana taɓa shi da wayar wuta, abin da na dama bai yi ba. Likitar ta ce hakan na faruwa jefi-jefi, yakan kuma wuce, ya kuwa wuce.

To ga amsarki a taƙaice. Na kyamara ya fi saurin sakin mutum a makonnin farko, na yanka kuma likita yana ganin komai da idonsa, kuma kusan ko'ina ana yinsa. Bayan 'yan watanni hannuwan nan biyu sun zama ɗaya, da su nake yankan fure har yanzu. Ki tambayi likitanki wanne ya fi sabawa da shi, ki bar shi ya yi wannan. Ba irin aikin ne ya hana ni sukuni ba, ñaña, maganar jiran nan ce.

Yaya Dioselina ta hana mu gaya miki abin da zan faɗa yanzu, wai kina da naki nauyin a can. Jiya da na maimaita mata maganarki, ta ce in rubuta duka, kada in rage komai. Ta riga ni fara wannan ciwo. Kin san ta, ita ce mai ɗaure wardi mafi sauri a gonar furen da muke aiki, masu duba aiki da ita suke misali. Da aka sa mata ranar aikin hannu a watan Janairu, ta ce wace mahaukaciya ce ke kwanciya ana gab da ranar masoya, a bari ta wuce. Ta wuce, sai ga ranar mata ta Rashawa. Bayan ita ranar iyaye mata. Aka sake ba ta wata rana, ta ce ai furen ranar tunawa da matattu ya kusa, daga nan kuma Kirsimeti. Kin yi aiki a rumfunan ledan nan, kin san lissafinmu: ba mu da watanni, sai bukukuwan mutanen da ba mu taɓa gani ba. Ba wanda ya tsare ta, takardar izini ma an ba ta. Ita ce dai ba ta iya ganin layinta a hannun wata. Idan na yi magana sai ta ce ni raguwa ce tun ina ƙarama, wai ƙaya ɗaya ke kai ni asibiti.

Ana nan sai ciwon ya daina. Ta daina tashi tana yarfa hannu, ta daina ɗaure shi da tsumma. Ta ce Uwar Yesu ce ta ji roƙonta, ta bi masu tattaki zuwa El Quinche da ƙafa, ta kunna kyandir na godiya. Mamita ta gasa ɓeran masar, duk muka ci muka yi murna. Ta riƙa tsokanata, wai ga wadda ta biya aka yanka ta, ga wadda ta warke a kyauta. Abin da muka lura da shi kawai, ta fara cire safar hannu a wurin aiki, wai da safa ba ta jin karan furen sosai.

Wata safiya ana ɗaure farin wardi, mai duba aiki ta dawo da dami bayan dami daga teburinta, duk da ɗigon ja a jikin furen. Aka ɗauka fenti ne ya zuba daga wani wuri. Matar da ke kusa da ita ce ta kama hannunta ta juya. Yatsu uku duk ƙaya ta huda su, wata ma tana nan a soke a babban yatsa, ita kuwa Yaya tana ta faɗa a nemo mai ɓata mata aiki. Ba ta ji komai ba.

A Quito likitar ta ajiye hannun Yaya kusa da nawa, ta nuna mana gindin babban yatsa. Nawa a cike, nata ya lotsa kamar an kwashe da cokali. Ta ce dainawar ciwon ba warkewa ba ce, jijiyar ce ta gaji da kuka. Yaya ta ce to a yi mata na kyamaran, na zamani, ko nawa ne. Likitar ta ce za ta yi aikin don kada abin ya ƙaru, amma babu irin yankan da ke dawo da abin da ya riga ya tafi, sai dai a jira a ga abin da jijiyar za ta iya. An yi, ciwon ya rufe da kyau. Mun jira fiye da shekara. Ƙaramin yatsa ne kawai ke ji sosai, shi kuwa dama ba ruwansa da wannan jijiya. Yanzu tana share rumfa a gonar. Ni nake saka mata maɓalli, ni nake yi wa Mamita kitso. Duk ranar da na ga tana kallon masu ɗaure fure daga bakin ƙofa, sai in ji zuciyata ta karye.

Saboda haka ki koma wurin likitanki a makon nan, ki gaya masa ciwon ya ragu amma sagewar tana nan, ki karɓi ranar da ya ba ki. Ke da bakinki kika gaya mini idan lemun hunturu ya ƙare na bazara ke shigowa, to wace kaka kike jira? Bayan aikin ki riƙa ɗaga hannun sama, ki riƙa motsa yatsu tun da wuri, kada ki ɗauki nauyi sai an ce ki ɗauka. Wilmer ya yi wanki, ba zai mutu ba, Aníbal ma yana nan da ransa.

Ki gaishe mini da Wilmer, ki sumbaci Nayeli da Jhoel, ki ce su riƙa kiran kakarsu. Mamita tana sa miki albarka, Aníbal yana gaisuwa. Yaya ta ce in bar mata wuri a ƙasa ta rubuta miki layi ɗaya da kanta. Ta gwada, alƙalamin yana ta zamewa. Sai ta shafa tawada a babban yatsa ta dangwala. Idan kin ga takardar ta ɗan yage a wurin, kada ki zargi Doña Presentación. Yaya ce ta danna, ba ta san ƙarfin da ta sa ba, don ba ta ji takardar.

Yayarki mai ƙaunarki,
Hermelinda