Amaryar Auta Ta Yi Cara

Baban Auta,

Na ga ka dawo aiki a gajiye, shi ya sa ban tashe ka ba.

Ka tuna farar 'yar tsakon nan da Auta take kira Amarya, wadda ka duba fukafukanta ka rantse mana mace ce? To, ɗazu ina zuba musu dusa sai ta haye bokiti, ta miƙe wuya, ta yi cara. Muryar a shaƙe kamar mai mura, amma dai cara ce. Na duba da kyau, zanko ya yi ja, ƙafafu sun yi kauri. Amarya dai ango ne.

A kunnen Auta aka yi. Ta ajiye kofin shayinta ta ce, "Mama, shi ma Baba zai ba mai kaji?" Kafin in buɗe baki hawaye sun zubo. Takalmin makaranta ma ta ƙi sawa sai da na yi mata alkawari.

Ka yi haƙuri, ban shawarce ka ba. In mai kaji ya zo kwasar zakarun, ka ba shi sauran, ka bar wannan. Na ɗaura masa jan zare a ƙafa, yana ƙarƙashin kwando bayan kicin. Maƙwabta in sun yi ƙorafin cara, ni zan ba su haƙuri.

Abincinka yana cikin kula. Auta ta ce in ta dawo daga makaranta ko jaka ba za ta sauke ba sai ta leƙa kwandon, don Allah ta same shi a ciki.

Maman Auta