Rasuwar Madam Odessa Pettiford, Mai Naɗe Laimar Sauka

Cikin alhini da sanyin jiki, Hukumar Gudanarwar Kamfanin Marlowe-Tate, mai jigilar mutane zuwa tashar sararin samaniya, ta samu labarin rasuwar Shugabar Sashen Naɗe Laimar Sauka, uwa ga kowa a kamfanin nan, Madam Odessa Pettiford, wadda ta cika da safiyar Litinin a gidanta da ke Titusville, tana da shekara sittin da uku.

Shekara ashirin da biyu marigayiya ta yi a gaban dogon teburinta, ba takalmi a ƙafarta, tana ninke yadin da ya isa ya lulluɓe gida guda har ya shige jakar da ba ta fi akwatin tufafi ba. Kumbo goma sha tara ne suka sauka cikin teku da aikin hannunta, ko ƙwarzane ba wanda ya yi. Injiniyoyinmu masu digiri bisa digiri sun sha faɗa a wurinta, ni ma na sha nawa. Takan ce da su, "Ku dai ku yi ta harbawa, ai ko yaro ya iya jifa. Saukowar ce aiki." Duk asubar da tashar za ta gifta ta saman garin, tana tafiya a hankali kamar tauraron da ya makara, sai ta fito bakin kogi da kofin gahawa, ta ɗaga mata hannu har ta ɓace wajen teku.

Akwai roƙon da ya zama dole mu yi wa jama'a. 'Yar marigayiya tilo, Kyaftin Corinne Pettiford, tana cikin tashar yanzu haka, kuma ita za ta tuƙo kumbon da zai dawo da mutum huɗu ranar Alhamis. Bisa ƙa'idar aikinmu, kowane matafiyi yakan rubuta kafin tashi ko yana so a sanar da shi mummunan labari yana sama. Kyaftin ta zaɓi a bari sai ta sauko. Saboda haka muna roƙon 'yan jarida, da makarantu, da masu rediyon gida da kan gaisa da tashar idan ta zo wucewa, su riƙe bakinsu na kwana uku. Jiya ma ta aiko a tambayi Mama ko an ajiye mata kek ɗinta na dankali. Wanda ya karɓi saƙon ya ce an ajiye, kuma bai yi ƙarya ba, yana nan cikin firji.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Dattijo Alton Pettiford, dikon, wato mai taimaka wa fasto, a majami'arsu, da sauran dangi da abokan aiki. Allah ya ba su haƙuri da ƙarfin zuciya, ita kuma ya ba ta hutawa.

Iyali sun ɗage jana'iza zuwa Asabar. Laima huɗun da za su buɗe a kan Kyaftin Corinne su ne na ƙarshe da mahaifiyarta ta naɗe. Dattijo Alton zai jira a jirgin ruwan da zai tsamo su, domin ya ce shi zai faɗa mata da bakinsa, bayan uwarta ta gama sauko da ita.

Wendell Okerlund
Daraktan Hulɗa da Jama'a, a madadin Hukumar Gudanarwa
Kamfanin Marlowe-Tate, Florida