Sabon Mai Kula da Zaurenmu

Assalamu alaikum Yaya,

Ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya gajiyar asibiti? Umma tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi. Na rubuto ne don ba zan iya faɗar wannan ta waya ba, kin san bangon gidanmu ba ya riƙe magana.

Tsohuwar wayar da kika bar min, da ita na shiga wani zauren waƙa a intanet. Kowa da laƙabi yake shiga. Ni ce Tsuntsuwar Taga, don Allah kada ki yi dariya. Waƙa kawai nake sawa in gudu, ban taɓa hira da kowa ba.

Matar da ke kula da zauren ta haihu, sai aka zaɓi wani mai suna Tsohon Alƙalami. Ƙa'idarsu ita ce kowa sai ya yi wa sabon mai kula maraba da baiti biyu, da muryarsa, ba a rubuce ba. Wanda mako ya ƙare bai yi ba, a cire shi, wai ɗan kallo ne.

Jiya mutumin ya turo muryarsa yana godiya. Yaya, Baba ne. Na yi ta saurare har kunnena ya yi zafi. Gyaran muryar nan tasa kafin ya fara magana, har da ƙarar injin maƙwabcin shagonsa. Baban da in ya dawo daga gyaran fanka ba ya wuce tambayar ko an yi salla, shi ne yake zuba baiti, mutane suna ta dariya suna kiransa Malam. Na leƙa falo na gan shi yana cin abinci shiru kamar kullum. Na rasa wanne ne namu.

Ga abin da ya fi damuna. Watan jiya na sa wata waƙa a kan mutumin da ya fi hira da matattun fankoki fiye da 'ya'yansa. Tsohon Alƙalami ne ya rubuta a ƙasanta cewa wataƙila mutumin bai san ta inda zai fara ba ne. Ya gane ni ce? Ko shi kansa ma bai gane da shi nake ba?

In na yi shiru za a cire ni, kuma can ne kaɗai ake karanta abin da na rubuta. In na yi magana zai ji ni. Yaya, ya zan yi?

Ki gaida ƙawar ɗakinki.

Ƙanwarki,
Auta

Assalamu alaikum Yaya,

Ya jiki, ya jarrabawa? Mu duk lafiya. Amsarki ba ta iso ba har mako ya zo ƙarshe.

Na gwada toshe hanci, na gwada muryar manya, duk sai na zama kamar mai mura. A ƙarshe na shiga kicin na rufe ƙofa, na karanta baitocin da muryata, na tura.

Baba yana falo. Ta bango na ji muryata tana fitowa daga wayarsa. Ta ƙare, ya sake kunnawa. Na zauna a kan buhun shinkafa ina jiran ya kira ni. Bai kira ba. A zauren waƙar ya amsa min yadda ya amsa wa kowa, wai ya gode, Malama. Malama fa, Yaya!

Da safe na kai masa shayi idona a ƙasa. Ya shanye, ya ɗauki jakar kayan aikinsa, har ya kai bakin ƙofa. Can ya tsaya, bai juyo ba, ya ce baiti na biyu ya yi tsawo, in cire kalma ɗaya, in ya dawo yana so ya ji. Umma ta tambaya wane baiti, ya ce magana ce tsakanin abokan aiki.

Ban sani ba ko faɗa ne wannan. Tun safe nake cire kalma ina mayarwa. Yanzu kuma ga ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida, bari in tsaya nan.

Ki yi min addu'a.

Ƙanwarki mai kewarki,
Auta