Tef Ɗin Awo A Hannuna, Falmata

Assalamu alaiki Falmata, matata.

Na san wasiƙar nan ba za ta iso gare ki ba. Ban sa mata kwanan wata ba, kin san dalili.

Muna nan Lamisula yadda kika bar mu. 'Yarmu Yagana ta haihu, mace, an sa mata sunanki. Takan zo daga Gamboru ranar Juma'a ta ware mini magunguna, na safe a kofi, na yamma a faranti, tunda abin da ke jikin kwalin ya fi ƙarfina.

Hannuna ya warke sarai daga shanyewar ɓarin jikin nan, amma lambobi ba su dawo ba. Na koma wurin likita. Ya ce a cikin ƙwaƙwalwa wurin haruffa daban, wurin lambobi daban, jinin kuma wurin lambobin ya taɓa. Shi ya sa nake karanta Alƙur'ani lafiya lau, amma in na kai ƙarshen aya, abin da ke cikin da'irar sai ya zame mini tsutsa a kanannaɗe. In an ce bakwai, na san bakwai. In an rubuta ta, ban san ta ba.

Kin tuna yadda muke yi? In auna mutum a zaure, in danne tef da babban yatsa, in zo bakin labule in miƙa miki. Ki faɗa mini lambar a hankali, in rubuta da haruffa. Ban taɓa gaya miki ba, a duk zamanmu babu lokacin da ya kai mini wannan daɗi.

Shekaranjiya Malam Modu ya kawo shaddar Sallah. Na auna kafaɗarsa, na danne, na taso har bakin labule. Can na tsaya. Da na dawo na ce masa ba na jin daɗi, ya naɗe shaddarsa ya yi mini sannu. Bai tambayi komai ba.

Waya ba na iya kira sai an kira ni. Agogo kuwa ladan ne agogona. Ina zan je, Falmata? Wa zan riƙa tarewa a hanya ina cewa karanta mini?

Mijin Yagana ya ce in sayar da keken ɗinki in koma wurinsu. Ya yi maganar da ladabi, kuma gaskiya ya faɗa. Na ce zan yi shawara. Bai tambaye ni da wa ba.

Allah ya haskaka kabarinki, ya haɗa mu a inda ba a ciwo.

Mijinki,
Bukar Tela