Kwaɗon da Ka Garƙama wa Motar Abba

Zuwa ga ƙanina Sadiq,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwar da zumunci ya wajabta wa yaya a kan ƙaninta ko da ranta a ɓace yake, ina fatan kana lafiya, karatu yana tafiya, sanyin Turkiyya bai hana ka cin abinci ba. Mu nan Nassarawa lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Umma ta ce in gaishe ka. To, na gaishe ka, na sauke nauyinta. Abin da ya rage tsakanina da kai ne.

Na san za ka ce me ya hana in turo maka wannan ta waya, sai na zo na shanya shi a shafina inda abokanka za su gani. Na turo, Sadiq. Saƙonnina suna nan jere a wayarka, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ba ka amsa ba. Tunda a ɓoye ba ka ji, bari mu gwada a bainar jama'a.

Zan fara da alherinka, don kada a ce na zalunce ka.

Ka tuna lokacin da aka sallamo Abba daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jikin nan, hannunsa na dama a dunƙule. Likitar da ke motsa masa gaɓoɓi ta ba shi wata 'yar ƙwallon roba, ta ce ya riƙa matsawa. Tana fita ya wurga ta ƙarƙashin kujera, ya ce shi ba ɗan goye ba ne. Babu wanda ya iya lallashinsa, har Umma. Kai ne ka jawo na'urar gem ɗinka daga ɗakinka zuwa falo, ka haɗa ta da talabijin, ka ɗora masa fad a cinya, wancan abin dannawar mai maɓallai, ka ce ya zo ya tuƙa mota. Ni dariya na yi maka a ranar.

Motar tasa ta daki bango, ta juya, ta kama tafiya da baya. Abba ya ƙura mata ido ya ce, "Wannan direban a sallame shi." Shi ne karo na farko da muka ji ya yi raha tun da ciwon ya same shi. Umma tana bakin kicin tana share ido da gefen mayafi. Wannan ladanka ne, ba zan ƙwace maka ba.

Ka buɗe masa nasa sunan a cikin na'urar, ka haɗa shi abota da naka. Ranar da za ka tafi, muna loda akwatunanka a mota, ka ce da ni, "Yaya, na bar muku komai. Duk gem ɗin da ke ciki naku ne, ni can zan sayi wata." Na riƙe wannan maganar kamar yadda ka faɗe ta. Ashe naku ɗin na baki ne.

Bayan tafiyarka aikin ya dawo kaina. Kullum in an idar da la'asar sai in kunna, in zauna kusa da shi. A hankali babban yatsansa ya fara motsi, sai manuniya ta biyo baya. Likitar da kanta ta ce mu ci gaba, abin yana yi. Wata ɗabi'a ce kawai tasa ta riƙa ba ni haushi. Ana tsakiyar tsere, wani lokacin ma yana gaba, sai ya ajiye fad ya ce, "To, alhamdulillahi, ya isa haka." Wata rana da wuri, wata rana sai an kusa kiran magariba. Na ɗauka gajiya ce, ban taɓa tambayarsa ba.

Sai ranar da na kunna na ga kwaɗo. Wani ɗan ƙaramin kwaɗon kulle fari a jikin hoton kowane gem, har da na motar Abba. Na zaci data ce ta ƙare, na saya. Na kashe, na kunna. Na cire waya, na hure ta, na mayar. Duk wannan bidirin Abba yana zaune ya gyara hularsa, fad a cinya, yana jira. Da ya ga na fara gumi sai ya ce a hankali, "Nafisa, ko mun taɓa wani abin da bai kamata ba ne?"

Wannan tambayar ce ba zan yafe maka da sauƙi ba. Mutumin da ya biya kuɗin na'urar, ya biya kuɗin jirginka, shi ne yake zaune a falonsa yana tunanin ko ya yi laifi.

Da na tambaye ka, amsarka ta zo da saƙon murya, ana ta shewa a bayanka. Ka yi mini bayani kamar kana koyar da 'yar aji ɗaya, wai gem ba a cikin na'ura yake ba, a cikin akawun ɗinka yake, wato sunan da ka buɗe a wurin kamfanin, kuma kamfanin na'ura ɗaya tak yake yarda a ɗauka a matsayin ta gida. Kai kuma ka mayar da gidan can ɗakinka, don abokan zamanka su riƙa bugawa in ka fita lacca. Ka rufe da cewa, "Ba wani abu ba ne fa, Yaya, zan gyara." Har yau kana gyarawa.

Na mayar wa Abba bayanin yadda na fahimta. Ka san shi, duk shekarun aikinsa a ofishin filaye ya yi su, kan takardar mallaka ya yi furfura. Ya ce, "Abin da wani zai kulle daga nesa ba tare da ya yi maka sallama ba, haya kake yi, ko da an ce maka ka saya." Bai ambaci sunanka ba. Bai ce uffan a kanka ba, kuma hakan ya fi ƙona mini rai.

Ka san abin da ya biyo baya? Ba ka sani ba, tunda ba ka tambaya. Yatsun suka fara komawa inda suka fito. Ƙwallon roba dai ya ce ba zai taɓa ta ba. Wata rana muna cin abinci cokali ya suɓuce masa, miya ta zube a gaban rigarsa, ya kalli hannun, ya kau da kai. A nan na rantse sai na rama masa.

Kai da kanka ka koya mini inda zan soke ka. Tun kana sakandare kake cika mana kunne da cewa kamfanoni biyu ne a duniyar gem, naka da na marasa hankali. Kai da abokinka Mubarak na Badawa kun sha raba gari a kan wannan musun, har ka taɓa cewa ko kyauta aka ba ka irin tasa ba za ta kwana a gidanmu ba. To, na ɗauki jakata na tafi shagon masu sayar da su.

Mai shagon ya jera mini su a kan kanta. Ga sabuwar ta kamfaninka, siririya, kyakkyawa, ta fi araha, amma ko ramin saka faifai babu. Komai sai ta akawun, komai sai ta intanet, kuma lokaci-lokaci sai ta leƙa wurin masu ita ta ji ko har yanzu an yarda ka buga. Ga kuma ta kamfanin da ka tsana, mai cin faifai. Ya fara yi mini dogon turanci a kan wadda ta fi kyan hoto da wadda ta fi sauri, na tsayar da shi. Na ce tambayata ɗaya ce: idan wani yaro marar ta-ido a wata ƙasa ya danna wani abu, wacce ce a cikinsu ba za ta mutu a falonmu ba?

Bawan Allahn ya yi dariya, amma ya gaya mini gaskiya. Ya ce kowane kamfani yana da masu faifai da marasa faifai, kuma dukansu so suke ka dogara da su. Ko mai faifan ma wani lokacin takan nemi intanet don ta sabunta kanta. Sai dai faifan da ke hannunka naka ne, kana iya ara wa maƙwabci, kana iya sayarwa, babu wanda zai zare shi daga aljihun tebur ɗinka yana zaune a wata ƙasa. Ya ce in ina so akwai mai faifai ta kamfaninka ma. Na ce a'a. Ta maƙiyanka nake so, da gangan, ya sa mini ita a kwali. Na haɗa da faifan tseren mota na hannu, wanda wani ya buga ya gaji ya sayar, abin da kai ba za ka taɓa iya yi da naka ba.

Ban tsaya nan ba. Na kira Mubarak ya zo ya haɗa mana. Wallahi da gudu ya zo, bakinsa har kunne. Dambun naman da Umma ta yi maka, wanda take jiran mai tafiya ta ba shi ya kai maka, na juye masa rabi a leda, sauran muka ci da shi a kan kafet ɗin ɗakinka. Taka na'urar kuwa na tumɓuke wayoyinta, na cusa ta a kwalin taliya, na kai ta sito, na ɗora mata buhun shinkafa. Ran nan na yi barci mai daɗi.

Abba ya karɓi sabon fad ɗin bai yi musu ba. Maɓallan sun ɗan bambanta, amma ya saba. Yatsun suka soma dawowa. Na ce shi ke nan, na yi maganinka.

Sai dai ya daina cewa "ya isa haka." Yanzu sai ya yi ta bugawa har a kira magariba, sai na karɓe da kaina. Motar tana yawan dukan bango, domin idonsa ba ya kan titi, yana can saman talabijin ta gefen dama. Na ɗauka ganinsa ne ya fara rauni, har na yi wa Umma maganar a kai shi a duba tabarau.

Wani yammaci ya ajiye fad, ya daɗe yana murza yatsunsa, sannan ya ce, "Nafisa, ita wannan ba ta faɗa in Sadiq ya dawo ɗaki?"

Ban gane ba sai da ya yi mini bayani. Ashe a tsohuwar, duk lokacin da ka kunna taka a can, sai sunanka ya leƙo a saman talabijin da ɗan ɗigo kore a gefensa. Kai ka nuna masa haka kafin ka tafi, ka manta. Shi bai manta ba. Wannan ɗigon yake jira kullum. In ya fito, ya san ka dawo daga makaranta, ka shiga ɗaki lafiya, mota ba ta buge ka ba, sanyi bai kwantar da kai ba. Sai ya yi hamdala ya ajiye. Duk watannin nan da ba ka kira, da wannan yake jin labarinka.

Sadiq, ban san lokacin da na tashi na shiga banɗaki ba. Na yi kuka, kuma kukan haushi ne. Mahaifinmu, wanda mutane suke layi a ƙofar gidansa don ya sa musu baki a rikicin fili, shi ne ya koma gadin ɗigo don ya san ɗansa yana raye.

Na je sito na ɗaga buhun shinkafar. Na karkaɗe na'urarka, na ɗauko ƙaramar talabijin ta ɗakin Umma, na haɗa su a gefen babbar. In ka shigo falonmu yanzu za ka ga talabijin biyu. Ɗaya mota tana gudu, ɗaya kuma kwaɗo ne jere reras, ba ta tsinana komai sai shan data da jiranka. Baƙi suna tambaya, ni kuma ba na rufa maka asiri, ina gaya musu. Ranar da na haɗa, sunanka ya fito da korensa, Abba ya ce, "Alhamdulillahi, ya dawo," ya ajiye fad.

Kada ka wahalar da kanka wajen cire kwaɗon. Riƙe gem ɗinka, ka raba wa abokan ɗakinka, mu muna da namu a aljihun tebur. Ramuwata ma ba ta ƙare ba. Sabuwar na'urar ta zo da fad biyu, Abba ya sa na naɗe ɗayan a leda, ya ce na Sadiq ne, ko ni ban isa in taɓa ba. Ni da nake zama da shi kullum! Na haɗiye. Amma ka sani horar da shi nake yi kamar mai shirin gasa. Ranar da ka dawo za ka zauna a kan kafet, ka riƙe fad ɗin kamfanin da ka rantse ba za ka taɓa ba, dattijo mai hannu ɗaya da rabi ya zagaye ka a tsere, ni kuma in ɗauka a waya in sa a nan, Mubarak ya fara gani.

Ina fushi da kai, ƙanina, kuma ina kewarka. Ɗakinka har yanzu ƙamshin turarenka yake yi, shi ya sa ban mayar da shi sito ba kamar yadda na yi niyya.

Allah Ya sa netwok ɗinka ya riƙa yankewa duk lokacin da kake gab da cin wasa, har sai ka tuna da lambar gida. Bayan wannan, Allah Ya tsare ka a inda kake, Ya ba ka abin da ka je nema, Ya buɗe hannun Abba gaba ɗaya, Ya ja kwanansa ya ga dawowarka da idonsa. Amin.

Yau ma in an idar da la'asar zai gyara hula ya zauna. Idan ka shiga ɗaki ka miƙa hannu za ka kunna, ka sani akwai mai kallo. Kafin ka ɗauki fad, ɗauki waya. Tasa tana aljihun gabansa, kullum sai ya sa na duba masa ko da caji.

Wassalam.

Yayarka da ba ta huce ba tukuna,
Nafisa