Idanun Bindigar Ardo

Maigida, ka saurare ni yanzu, don Allah, kafin maganar ta kuɓuce mini. Sallama nake yi maka, ina gaishe ka da kwanciya. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ni ma da nake faɗa ban iya karatu ba, ƴarka Rabi ce ta zo daga Tanut, na zaunar da ita take rubutawa. To amma wa zan gaya wa in ba kai ba?

Gida lafiya. Hatsin bana ya yi dama-dama, akuyar nan ja ta haifi biyu. Rumfar sassaƙarka tana nan, gizagonka yana rataye inda ka bar shi. Ban bari kowa ya taɓa ba.

Zancen bindigar Ardo Jibo ne, Bafulatanin Tenhiya. Wadda ya kawo maka ka sake mata ƙota da icen aduwa, ya kwance ƴan kunnen azurfa na marigayiya uwarsa ya ce a dasa su a jikin icen. Ka yanka su ƙanana ka dasa guda tara. Ka shafa mai na farko, ka shafa na biyu, ranar na uku zazzaɓin nan ya kayar da kai.

Ka tuna abin da ka ce mini ana gobe za ka tafi? Ka riƙe hannuna ka ce in goge man da ke ido, kada in bari ya bushe. A lokacin ina shafa maka man shanu a goshi saboda zafin jiki. Sai na kama gefen zanena na goge maka idanu. Ka sake faɗa, na sake gogewa. Ka dube ni ka dube ni, ka juya fuska bango. Na ɗauka ciwo ne. Ashe gajiya ka yi da ni.

Ina zan san azurfar da kake dasawa ita kake kira ido? Shekara nawa ina wucewa ta gabanka da tulu, kana zaune da tsinke da ƴar auduga a kansa, kana tsoma shi a ruwan toka, kana bin farin ƙarfe a hankali ba ka bari ya taɓa ice. Sau ɗaya ka kira ni in zo in gani, na ce tukunya na kan wuta. Ƙarya na yi maka, ba komai a wuta. Gani nake wasan maza ne.

Da na shiga takaba ba ni da abin yi da hannuwana. Duk Juma'a sai in ɗauko bindigar in shafa mata man gyaɗa, tun daga sama har ƙasa, yadda nake ganin kana yi. Ƙamshin rumfarka take yi, shi ya sa. Ina shafawa ina jin kamar ina ƙarasa maka aiki. Ban taɓa gogewa ba ko sau ɗaya. Man ya hau kan mai, hayaƙin ɗaki ya hau kansa, ya yi danƙo. Jiya Rabi ta ɗaga ta a hasken rana ta ce idanun Baba duk sun rufe. Ita ta san kalmar tun tana ƙarama. Nan take na gane abin da kake nufi.

Ban gama ba. Da ta fita, na ɗauki allura na hau kankare danƙon. Na karce icen wuri biyu, ido ɗaya kuma ya fita daga raminsa. Yana nan ƙulle a bakin zanena, ina taɓa shi kamar mai ciwon haƙori.

Yanzu an aiko cewa shanun Ardo sun juyo daga arewa, ranar kasuwa zai iso nan Falanko ya karɓi kayansa. Me zai gani? Tabo takwas baƙi ƙirin da rami ɗaya. Me zai ce in ba an cire azurfar uwarsa an liƙe wurin da ƙaro ba? Kuma ba ni zai ambata ba, kai zai ambata, kai da ba ka da bakin karewa. Mutumin da ko ɓawon icen wani bai taɓa riƙewa ba.

Ɗanka Sani ya ce mu tura ta cikin rumbu, mu ce jandarmomi sun zo sun tafi da ita, ai kowa ya san yanzu ana karɓe bindigogi. Wallahi raina ya so. Ka san ni da tsoron tsayawa gaban maza. Ko maigari ban taɓa ɗaga ido na duba ba. Amma in na yarda, na ɗora maka ƙarya a kan ƙasar da ke kanka. Wace fuska zan kawo maka?

Don haka ba zan ƙara taɓa ta ba, ko da auduga. Zan miƙa masa ita yadda take, in kwance zanena in ba shi ido na taran a tafin hannu. Wanda ya iya ya buɗe sauran a gabansa, ya ga azurfarsa da idonsa. In ya zage ni, ni ya zaga.

Ka yafe mini rashin ji. Allah ya sanyaya makwancinka, ya sada mu da alheri.

Ni ce matarka, uwar Rabi, da bakina na faɗa.

Rabi, ajiye alƙalamin nan ki nemo mai zuwa rijiyar da su Ardo suke shayar da shanu. Kada Sani ya ji tukuna, kada maigari ya ji. A ce aikin mai aiki ya fita lafiya, hannun matarsa ne ya ɓata. Ardo Jibo za a fara gaya wa.