Shaidar da ke cikin tukunya

Malbaza, ranar Laraba

Zuwa ga Yayata Sakina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Malam da yara da dukan mutanen Illela. Yaya ɗari? Yaya kunnen naki? Na kira ki a waya kina ta tambayar wa ke magana har na gaji na kashe, shi ya sa na koma takarda kamar zamanin lakwal, muna 'yan makaranta. Ɗahiru direba zai kawo miki. Mu nan lafiya lau. Baban Nabila yana gaishe ki, Nabila ma tana can ɗakinta a Konni, cikin ya fara nauyi.

Kin aiko wai in faɗa miki yadda nake farfesun ƙafar sa, don naki kullum sai ya fito kamar igiyar guga. Ai dole, Yaya. Tun muna gida ba ki da haƙurin tukunya, kanwa kike jefawa ki ce ta nuna. Ƙwaurin sa ba ya son gaggawa. Ki babbaka shi da fatarsa har gashin ya ƙone, ki kankare da wuƙa, ki wanke, a sara miki manya-manya yadda ɓargo zai fito. Ki zuba ruwa ya sha kansa, in ya tafasa ki kwashe kumfar, sannan ki sa albasar Galmi da yawa, da tafarnuwa, citta, kimba, masoro, kanumfari da daddawa. Daga nan ki janye itace ki bar garwashi. Tukunya ta riƙa numfashi kawai, kada ta yi ihu. Sai jijiya ta narke, romo ya riƙa kama leɓe, sannan ki sa gishiri da tonka, wato barkono. Ni tawa babbar tukunyar nan ce ta ƙarfe, na girke ta a bakin tasha na liƙe gindinta da laka don kada zafi ya tsere.

Baban Nabila kullum ƙorafinsa ɗaya, wai ina sauke shi da wuri. Yana cewa da zan bar shi daga hantsi har magariba da na ji abin da ake kira farfesu. To ina zan iya? Tun la'asar direbobin siminti da 'yan dako ke tsaye a kaina da kwanoni suna rawar ɗari. Akwai wani Yakuba ɗan dako, kullum shi ke fara zuwa, yana kirana Inna, yana roƙon in ƙara masa ƙashi mai ɓargo.

Abin da ke damuna shi ne satar shanu da ta yi yawa bana. Mutane sun hasala, ba mai tsayawa ya ji ba'asi. A kasuwar da ta wuce an kama wani da akuya, kafin jandarma su iso an fasa masa kai. Saboda haka Sarkin Fawa ya sa doka: duk mahaucin da ya yanka sa, ya bar kai da fata da ƙafafu a kan tebur har azahar, mai cigiya ya zo ya duba. Ni kuwa in na jira azahar, yaushe ƙwauri zai nuna? Na yi ta mita, har mutumin naki, Baban Nabila, ya gaji. Yanzu da ya gama fiɗa sai ya naɗe mini ƙafafun a buhu ya turo ta baya. Ya ce duk Malbaza wa bai san shi Chindo mahauci ba, wa zai ce masa ɓarawo?

Ki gaida Malam da yara. In Ɗahiru zai dawo ki ba shi daddawar nan taku, ta nan ba ta da ƙamshi.

Ƙanwarki,
Barira

Konni, ranar Lahadi

Yaya Sakina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara, da fatan kuna lafiya. Za ki ga rubutun ba nawa ba ne. Mubaraka maƙwabciyata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗa. Muna asibiti a Konni, ni da Baban Nabila. Na san labari ya riga ya iso miki a karkace, don haka ki ji daga bakina.

Ran Alhamis ya yanka wani jan sa mai farin tabo a gadon baya. Wajen Takama ya saye shi, Buzun nan da suka daɗe suna ciniki, shi kuwa Takama yana miƙa igiya ya bi garkensa daji. Kamar kullum aka turo mini ƙafafu. Ina kankarewa na ji wani tudu a fatar ƙwaurin baya, zane kamar sawun kaza. Shaidar Takama ce, shi a ƙafa yake ɗora wa shanunsa wuta don kada ya ɓata fata. Na shafa ta da yatsa, na ci gaba da aikina, na zuba komai a tukunya.

Rana ta ɗaga sosai na ji hayaniya ta wajen mahauta. Wani manomi ne, Sadisu, daga wata tunga bayan Dogarawa, an sace masa san amalankensa, ja mai farin tabo. Ya zo da mutanen tungarsu riƙe da sanduna da adduna. Yana ganin fatar a shanye ya ɗora hannu a ka ya ce ga sansa. Baban Nabila ya ce na Takama ne, akwai shaidar wuta a ƙafa. Sadisu ya ce nasa wuta ba ta taɓa taɓa shi ba, a fito da ƙafafun a gani. Aka duba tebur, babu ƙafafu. Wani ya ce ya ɓoye su ne don ya san abin da ya yi.

Ko da na iso, Yaya, sun riga sun ja Baban Nabila ƙasa. Na ga sanda ta sauka a bakinsa, haƙoransa suka zubo. Yana ƙoƙarin tashi wani ya kai masa taɓarya a ƙafa, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake, ni da na san ƙarar ƙashi in ya karye. Ba mutanen tunga kaɗai ba ne. 'Yan tasha sun shigo, masu shayi, masu faci, mutanen da yake ƙara wa tsoka in sun sayi nama. Yakuba na gani da idona, da katakon benci, yana ɗagawa da hannu biyu yana saukewa. Sarkin Fawa ya shiga tsakani aka hankaɗe shi ya faɗa cikin jini. Ina ihu ƙafafun suna wurina, ba wanda ya ji. Sai na ji wani yana cewa a kawo taya da fetur.

Na ruga wurin tukunya. Na so in kifar da ita, lakar da na liƙe ta da ita ta hana, kuma babu namiji ko ɗaya da ya rage a tasha. Na sa ludayi, ina ɗebo gunduwa ina zubarwa, romon ya yi duhu da kauri, kowace gunduwa kamar 'yar'uwarta. Ido ba zai gane ba. Yatsuna ne suka san shaidar nan. Sai na naɗe hannun riga na tura hannuna.

Kada ki tambaye ni zafi. A lokacin ban ji komai ba sai muryarsa daga can yana kiran sunan Allah. Na lalubo wannan na saki, na lalubo wancan na saki, har yatsata ta hau kan tudun. Na fizgo shi na koma da gudu, na kutsa tsakiyarsu. Sun riga sun rataya masa tayar a wuya. Na manna wa Sadisu ƙwaurin a ƙirji na ce ya duba. Sarkin Fawa ya karɓa ya goge da rigarsa ya ɗaga sama, ga sawun kaza nan ɓaro-ɓaro a jikin ganda. Da yawa a wurin sun san shaidar Takama. Sadisu ya kalla, ya sake kallo, sandar ta faɗi daga hannunsa. Sai mutane suka fara ja da baya ɗaya bayan ɗaya, kowa yana duban wani wuri. Sannan ne na duba hannuna na ga fatar ta saɓule har gwiwar hannu.

Ɗahiru ne ya kwaso mu a motarsa. An ɗaure wa Baban Nabila ƙafar, an ɗinke kan, amma likita ya ce dukan da ya sha a ciki shi ne abin tsoro. Jiya ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon hannuna a naɗe, sannan ya motsa baki, na kai kunne. Wai tambayata yake ko na sauke tukunya. Na yi dariya, na yi kuka, har ma'aikaciyar jinya ta kore ni waje.

Ni na matsa masa, Yaya. Da na bar ƙafafun nan a tebur har azahar da yanzu yana can yana wasa wuƙarsa. Ina tsoro ƙwarai. Ki ce wa Malam ya sa mu a addu'a, ya tara mana almajiransa manya a yi sauka. Nabila tana nan tare da mu, na hana ta ganin fuskarsa ta ƙi ji.

Taki,
Barira

Malbaza, ranar Asabar

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kun koma gida lafiya, ke da Malam. Allah ya saka da alheri, ya ba da ladan zumunci. Yaya gajiyar hanya, yaya yara? Har yanzu Mubaraka ce ke rubuta mini. Hannun yana warkewa, sai dai yatsu biyu sun manne, an ce ba za su rabu ba.

Da kika zo jana'izar Baban Nabila gidan cike yake, kuma duk abin da zan faɗa miki sai na ɗaga murya, shi ya sa na yi shiru. Akwai abin da ban gaya wa kowa ba, ko Nabila, kuma ya hana ni cin abinci.

Kin dai ji an ga san Sadisu. Ba sace shi aka yi ba, igiya ya tsinke ya bi wani garke, Fulanin suka maido shi da kansu. Jandarma sun tafi da Sadisu da wasu 'yan tungarsu. Na garin nan kuwa ba a taɓa kowa ba, duk wanda aka tambaya sai ya ce yana masallaci a lokacin. Takama ya zo gaisuwa, ya zauna a ƙofar gida ya rufe fuska da rawani har ya tashi.

Ranar da muka dawo da gawa, motar ta bi ta bakin tasha, na hango tukunyata a inda na bar ta. Na roƙi Mubaraka ta je ta zubar da abin da ke ciki kafin ya yi wari. Ta dawo tana ta kame-kame. Da na matsa mata ta ce babu abin zubarwa. Tukunyar wayam take, an suɗe ta har gindi, ga ƙasusuwa nan tuli a gefen murhu, an fasa su an tsotse ɓargon. Na ce wataƙila karnuka ne. Ta ce karnuka ba sa wanke kwanoni su kife.

Ban yarda ba sai ranar addu'ar bakwai. Kin san ɗakin da nake takaba bangonsa ɗaya da rumfar da maza ke zama. Bayan an shafa fatiha manya sun tashi, 'yan tasha suka rage suna hira ƙasa-ƙasa, ba su san ina jingine da bangon ba. Ɗaya ya ce yanzu shi ke nan an rasa farfesu a tasha, ga ɗari bai wuce ba. Sai na ji muryar Yakuba. Ya ce ai ranar nan, da aka watse, garwashin bai mutu ba, tukunyar ta yi ta dahuwa ita kaɗai har magariba, su kuma ga sanyi ga yunwa, tun safe ba su ci komai ba. Ya ce wallahi tun da yake cin farfesun Inna bai taɓa jin wanda ya kai na ranar daɗi ba, naman da kansa yake barin ƙashi. Sauran suka ce ƙwarai kuwa.

Daga hantsi har magariba, Yaya, yadda ya yi shekaru yana roƙona in bar shi. Ashe gaskiyarsa ne. Su suka ci, da jininsa a rigunansu da fatar hannuna a ciki, shi kuwa bai ɗanɗana ba.

In na fita takaba ba zan zauna a garin nan ba. Ki share mini ɗakin nan na kusa da rijiya. Na ce wa Ɗahiru ya fasa lakar ya ciro tukunyar, ya kai ta Konni wurin maƙera su narkar da ita. Daddawar da kika aiko ta iso tun muna asibiti, tana nan a ƙulle yadda kika ɗaure ta, zan taho miki da ita.

Ki gaida Malam da yara. Ki riƙa sa shi a addu'a in kin yi salla.

Ƙanwarki,
Barira